Tsohon Zarto da Ilmin da Muke Sayarwa a Kan Sikeli

Zarto iri biyu ne yake yawo a hannun kafintocin Kano a yau. Akwai wanda idan ya dakushe za a zauna a wasa shi, ya koma aiki kamar ranar da aka sayo shi, a yi ta maimaita haka har ɗan mai shi ya gaje shi. Akwai kuma wanda ranar da ya dakushe, ranar ya tashi daga aiki, sai dai a jefa shi cikin tarkace a jira ɗan jari bola. Na farkon ya yi ƙaranci ƙwarai, ba a cika samunsa ba sai a tsofaffin akwatunan kafintoci ko a tarin ƙarafan 'yan gwangwan. Na biyun shi ne ya cika shaguna daga Ƙofar Ruwa har Sabon Gari, da ƙotarsa ta roba mai ɗaukar ido. Abin da ya fi damuna shi ne, mutanen da suka iya washin na farkon su ma suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya, kuma ban ga masu shirin gadonsu ba.

Na san mai karatu zai iya cewa, a lokacin da tsadar abinci da rashin tsaro suka sha wa jama'a kai, ina ruwan shafin ra'ayi da haƙoran zarto. Amsata ita ce, talaucin al'umma yana shigowa ta ƙananan ƙofofi kamar yadda yake shigowa ta manya. Duk ranar da muka daina iya gyara wani abu, ranar muka ƙara wani abu a jerin abubuwan da dole sai mun nemo dala mun sayo. Zarto misali ne ƙarami, amma yana da amfanin cewa ana iya ɗaukarsa a hannu a ga matsalar gaba ɗayanta.

Zarton kafinta irin wanda muka sani, mai faɗin ruwa da ƙotar katako, ba da shi kakanninmu suka yi aikin itace ba. Masassaƙin Hausa da gatari da gizago ya saba. Daga gungume guda yake fitar da turmi, ko akushi, ko kujerar mata, ko ƙotar fartanya, ba tare da ya haɗa wani ɓangare da wani ba. Azarar rufin soro kuwa daga giginya ake tsago ta. Harshenmu ma shaida ne, domin kalmomin kafinta da tebur da benci da kabad duka aro ne daga Ingilishi. Wannan sana'a ta haɗa katako da katako ta samu gindin zama ne bayan Turawa sun ci Kano a 1903. A 1909 Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe makarantunsa a Nassarawa, ciki har da sashen koyar da sana'o'in hannu. A 1911 hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano, katakon dazuzzukan kudu da kayan aikin Ingila suka samu hanyar zuwa cikin sauƙi.

Sai dai baƙon ya tarar da gari wanda ya san ƙarfe tun asali. Tarihin Kano ya danganta sunan garin kansa da wani maƙeri da ya zo daga Gaya neman tama a kewayen Dala, kuma har gobe akwai unguwa a cikin birni da ake kira Lokon Maƙera. Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth ya zo Kano a 1851, ya tarar ana shigo da ruwan takubba daga Solingen ta ƙasar Jamus, a nan kuma ake yi musu ƙota da kube kafin a wuce da su wasu ƙasashe. Wato tun kafin mulkin mallaka, Bakano ya saba karɓar ƙarfen wata ƙasa ya ɗora masa aikin hannunsa. Philip Jaggar, wanda ɗaliban Hausa suka fi sani da nahawu, ya yi littafi guda a kan maƙeran birnin Kano da ya fito a 1994, inda ya bi diddigin yadda suka riƙa sauya sana'arsu da sauyin zamani. Saboda haka da zarton Turawa ya zo, bai sha wahalar samun hannun da zai kula da shi ba. Magagari tsohon abokin maƙeri ne.

Ni dai ta hanyar rabon gado na shiga wannan magana. Kawuna kafinta ne a cikin birni, ya shekara fiye da 40 yana yi wa mutane ƙofofi da tagogi da bencin makarantun Islamiyya. Da Allah Ya yi masa rasuwa, aka zo lissafin abin da ya bari, sai aka jawo akwatin kayan aikinsa daga ƙarƙashin gado. Babu kafinta a cikin 'ya'yansa. Aka kira wani yaro mai sayen ƙarafa domin ya yi wa kayan kuɗi, shi kuwa ya fito da sikelinsa, don a wurinsa ƙarfe nauyi ne kawai. Na roƙi magada su sayar mini, aka yi ciniki a gaban malamin da yake rabon, na biya, aka zuba kuɗin a cikin gado.

Zartuna uku na samu a ciki. Babban yana da tsawon inci 26, kuma a ƙarƙashin tsatsa ana iya karanta sunan Spear & Jackson na birnin Shafil a Ingila, kamfanin da yake kai tarihinsa ga shekarar 1760. Na biyun Sandvik ne, ƙirar ƙasar Suwidin. Na ukun ƙarami ne mai ƙananan haƙora, an ɗora masa tagulla a gadon baya don kada ya lanƙwashe. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne siffar babban. Bakinsa ya tsuke, faɗinsa ya ragu sosai daga yadda aka ƙera shi. Kowane washi yana cin abin da bai kai kaurin farce ba, don haka wannan faɗi da ya tafi lissafi ne na ɗaruruwan ranakun da Kawu ya zauna da magagari bayan ya tashi daga aiki.

Na zaga rumfunan kafintoci da dama ina neman wanda zai tayar mini da su. Samarin da na tarar sun karɓe ni da mutunci, amma amsarsu ɗaya ce: “Malam, ka sayi sabo mana, ai ya fi sauƙi.” Sai wani daga cikinsu ya kwatanta mini wani dattijo a wani lungu bayan Kasuwar Kurmi, ta wajen Jakara. Na same shi a zauren gidansa, shekarunsa sun haura 70, da tabarau ɗaure da zare. Bayan mun gaisa na miƙa masa babban zarton. Bai dubi sunan kamfanin ba. Ya ɗaga shi saitin idonsa ya hango tsawonsa kamar mai auna bindiga, ya lanƙwasa shi ya saki ya ga ko zai koma daidai, sannan ya ƙwanƙwasa shi da farce ya kasa kunne.

Ya ce, “Ɗana, mai wannan zarto ya san abin da yake yi. Ƙarfen yana da rai. Ka bar shi nan, ko kuwa ka zauna ka gani?”

Na ce, “Baba, in babu takura, zama zan yi.”

Asabar huɗu na yi ina zuwa. Zan faɗi abin da na gani dalla-dalla, domin ina so mai karatu ya auna da kansa ko wannan ilmi ne ko kuwa aikin ƙarfi.

Aikin farko shi ne tsatsa. Ya kwance notinan tagulla ya cire ƙotar, ya shimfiɗa ruwan zarton a kan katako mai laushin fuska, ya zuba kananzir, ya naɗa sanfefa mai laushi a jikin guntun katako, ya riƙa gogewa yana bin tsawon ƙarfen. Ya ce in aka goga a gicciye, ko aka danna da yatsa kawai, za a ƙwaƙule rubutun maƙeran a kuma bar kwari a jikin ƙarfen. Tsatsar da ta tsaya a fuska ba ta da illa. Wadda ta ci rami kusa da haƙora ita ce abin tsoro, don duk haƙorin da ya faɗo a kan ramin ba zai riƙe kaifi ba.

Daga nan ya matse zarton a tsakanin dogayen katako biyu, haƙoran kaɗai suka leƙo. In ba a matse shi haka ba, ƙarfen zai riƙa rawa yana ƙara mai tayar da tsikar jiki, magagarin kuma ya mutu da wuri. Sai ya ɗauko shimfiɗaɗɗen magagari, wanda yaran yanzu suke kira fayil, ya bi kan haƙoran da shi daga ƙota zuwa baki, sau biyu ko uku. Na zaci ɓata su yake yi. Ashe daidaita tsayinsu yake, har sai kowane haƙori ya sami ɗan fili mai ƙyalli a tsininsa. Ya ce a zarton da aka daɗe ana wasawa da gaggawa, wasu haƙoran sukan fi wasu tsawo, sai dogayen su riƙa yin aikin duka, gajerun suna bin su a banza. Wannan ɗan ƙyalli shi ne ma'aunin duk abin da zai biyo baya. Haƙorin da ƙyallinsa ya yi faɗi yana bukatar ci da yawa, wanda nasa ya yi siriri yana bukatar kaɗan, kuma da zarar ƙyallin ya ɓace an kai inda ake so, sai a ɗaga hannu.

Sannan ya koma ga magagari mai fuska uku, wanda kowace kusurwarsa digiri 60 ce, daidai da kwarin da yake tsakanin haƙori da haƙori. A nan na fahimci cewa zarto ba iri ɗaya ba ne ko a wajen yanka. Wanda ake tsaga katako da shi a tsaye, ana bin jijiyarsa, haƙoransa manya ne, kuma ana ratsa su da magagari kai tsaye, kowane haƙori ya zama kamar ƙaramar kurfi mai ɓantarar itace. Wanda ake datse katako da shi a gicciye, haƙoransa sun fi ƙanƙanta, kuma ana karkata magagarin kamar digiri 15 zuwa 20, kowane haƙori ya zama kamar wuƙa mai yanke jijiya. Ana wasa ɗaya a tsallake ɗaya har ƙarshe, sannan a juya zarton a bi waɗanda aka bari. Magagari a turawa kawai yake ci, in aka jawo shi baya a kan ƙarfe an dasashe shi. Dattijon yakan shafa baƙin hayaƙin fitila a kan haƙoran kafin ya fara, don ya san inda ya tsaya idan aka yi sallama ko aka kira salla.

Akwai kuma buɗa haƙora, wato a karkata ɗaya dama, na gaba da shi hagu, haka har ƙarshe. Hikimar ita ce hanyar da zarto yake buɗewa a cikin katako ta ɗan fi kaurin jikinsa faɗi, don kada katakon ya cije shi. Wani ɗan ƙarfe mai tsagi yake amfani da shi, kuma saman haƙorin kawai yake lanƙwasawa, bai taɓa wuce rabinsa ba. In buɗin ya yi yawa, zarto zai riƙa yawo, yana cin katako da ƙarfin mai shi a banza. In ya yi kaɗan, zai maƙale. In gefe ɗaya ya fi ɗaya, zai riƙa janyewa daga layi komai ƙwarewar kafinta. Ɗanyen itace yana son buɗi mai yawa, busasshen maɗaci yana son kaɗan. Ya gargaɗe ni cewa haƙorin da ya saba kallon dama, in aka tilasta shi hagu, karyewa zai yi.

Zarto mai inci 26 da haƙora 8 a kowane inci yana da haƙora wajen 200. Kowannensu sai an ba shi kusurwa ɗaya da nauyin hannu ɗaya, babu ma'auni sai ido da kunne da tsokar hannu. Da ya gama da zarton datsewa, sai ya kifa shi haƙora sama, ya ɗora allura a ɗan kwarin da ya samu a tsakanin layukan haƙoran biyu, ya ɗan karkata shi. Allurar ta zame tun daga ƙota har baki ba ta faɗi ba. Ya ɗora shi a kan guntun katako, ya tura sau biyar ko shida ba tare da ya danna ba, guntun ya faɗi, fuskar yankan sumul.

Na kai masa ɗaya daga cikin sababbin zartunan kasuwa don in ji ta bakinsa. Ya nuna mini yadda tsinin haƙoransa ya yi duhu, baƙi-baƙi mai shuɗi. A masana'anta ake ƙona tsinin da wutar lantarki har ya yi taurin da magagari ba ya iya kama shi. Ya goga sau ɗaya, magagarin ya zame kamar a kan gilashi. In aka yi ƙoƙarin buɗa irin wannan haƙori kuwa, ɓallewa yake yi.

Adalci ya wajaba a nan, domin samarin da suka ce in sayi sabo ba wauta suka faɗa ba. Zarto mai ƙonannen haƙori yana daɗewa da kaifinsa na farko fiye da tsohon. Yawancin kayan ɗakin da ake yi wa amare a Kano yanzu da filawud da allunan MDF ake yin su, kuma gam ɗin da aka haɗa waɗannan alluna da shi yana cinye kaifin tsohon zarto da sauri. Magagari mai kyau shi ma daga waje yake zuwa, kuma ba araha gare shi ba. Sannan kafintan da ake jira ya kai gado da kabad kafin ranar kai amarya ba shi da sa'a guda ta zama da haƙora 200. Inji kuwa ya riga ya karɓe manyan ayyuka a 'Yan Katako na Na'ibawa da na Rijiyar Lemo, kuma babu mai hankalin da zai ce a koma tsaga katako da hannu.

Duk da haka lissafin bai ƙare a nan ba. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, aka kuma saki naira ta nemi darajarta a kasuwa a watan Yunin shekarar, duk abin da ake shigowa da shi ya yi tashin gwauron zabo, haka ma kuɗin tayar da janareta. A Afrilun 2024 aka mayar da kuɗin wutar masu layin da ake kira Band A naira 225 a kan kowane yunit. Kafintan da yake saman rufi yana datse katakon ɗora kwano, da mai gyaran ƙofa a lungun da wuta ba ta zuwa, da kafintan ƙauye, duka har yanzu da zarton hannu suke ci da iyalinsu. Wanda yake da tsohon zarto kuma ya iya washi, magagari kawai zai riƙa saye jefi-jefi, kuma magagari ɗaya yana da kusurwa uku da za a yi ta juyawa. Wanda bai iya ba, duk lokacin da haƙora suka mutu sai ya sayi zarto sukutum, da ƙarfensa da ƙotarsa da kuɗin jirgin da ya kawo shi, alhali abin da ya lalace bai fi tsinin allura ba. Araha ba ta ado, in ji Hausawa, a nan kuma ba ta ma ƙarko.

Bayan haka, ilmin bai tsaya ga zarton hannu ba. Dogon ruwan injin tsaga katako shi ma sai an wasa shi, an buɗa haƙoransa, an daidaita shi, kuma ƙa'idar ita ce dai wadda dattijon yake bi a zaurensa. A masana'antun katako na ƙasashen Turai akwai ma'aikaci na musamman da wannan ne kaɗai aikinsa, har suna kiransa da sunan da ma'anarsa likitan zarto. Yaron da ya fahimci abin da ya sa haƙori yake yanka, shi ne zai gane abin da yake damun inji idan ya fara ƙona katako ko janyewa daga layi.

Na tambayi dattijon ko ya koya wa 'ya'yansa. Ya ce ɗaya yana tuƙa Adaidaita Sahu, ɗaya yana gyaran waya a Farm Centre. Babu ɗaci a muryarsa. Ya ce, “Malam, yaya zan tsare yaro a kan aikin da zan shafe sa'a guda ina yi, mai kaya ya zo yana taya shi kuɗin shayi?” Wannan amsa ta rushe zargin da muka saba yi wa matasa na cewa ba su da haƙurin sana'a. Yaron da yake zama da ƙaramin sukundireba yana bin layukan da suka fi gashi siriri a cikin waya, haƙurin ubansa ne a jikinsa. Kano ba ta daina gyara ba. Makanikai da masu faci da masu ɗinkin takalmi da masu naɗin kwayil suna nan a kowace unguwa. Hannu yana bin inda ake biyansa ne. Abubuwa biyu suka taru a kan washin zarto: kayan da aka ƙera da niyyar kada a gyara su, da al'ummar da take biyan kuɗin sabon kaya ba musu amma ta tsaya ciniki a kan ladan gwani.

Mu da muke koyarwa a manyan makarantu ya kamata wannan ya taɓa mu ta wata fuskar. Tsarin ilmi na 6-3-3-4 da aka fara aiwatarwa a 1982 ya zo da darasin gabatar da fasaha a ƙananan sakandare, kuma gwamnati ta shigo da kayan aiki masu yawa daga ƙasashen waje. 'Yan zamanina ba su manta da akwatunan da suka shekara a kulle a ɗakunan ajiya ba, saboda babu wuta, babu ɗakin aiki, ko babu malamin da ya san kansu. A makarantar da na yi an buɗe wasu. Muka yi zango ɗaya muna yanka katako da murna, zartunan suka dakushe, aka mayar da su cikin akwati, daga nan darasin ya koma zane a allo. A wannan lokacin kuwa, a tsakanin makarantar da gidanmu akwai mutane da dama da za su iya tayar da zartunan nan a yini ɗaya. Ba a neme su ba, domin ba su da takardar shaida.

Masanin falsafar nan Michael Polanyi ya yi littafi a 1966 a kan ilmin da mutum yake da shi amma ba ya iya fassara shi duka da baki. Irin wannan ilmi ne a hannun dattijon. Na rubuta matakan aikinsa a sama, kuma ana iya samun irinsu da hotuna a intanet, amma babu rubutun da zai gaya maka nauyin da za ka ɗora wa magagari, ko sautin da yake yi idan ya zauna daidai a kwarin haƙori. Sai ka zauna kusa da wanda ya iya, ya kama hannunka ya gyara. Littafi yana iya jira shekara 100 a kan kanta kafin a buɗe shi. Wannan ilmi kuwa, in aka sami tsara ɗaya da ba ta karɓa ba, ya tafi, sai dai a sake nemo shi daga tushe da tsada.

Addininmu bai bar mana uzurin raina shi ba. Ya tabbata a Sahihu Muslim cewa Annabi Zakariyya, amincin Allah ya tabbata a gare shi, kafinta ne. Alƙur'ani ya ba da labarin yadda aka tausasa wa Annabi Dawud ƙarfe aka umarce shi da kyautata ƙirar sulke, ya kuma yi hani da almubazzaranci. A nan ƙasarmu, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, a cikin Usulus Siyasa da ya rubuta wa Ummarun Dallaje na Katsina, ya lissafa kula da masu sana'a, har da maƙera da masu aikin itace, a cikin wajiban shugaba. Ya ɗauki samuwarsu a kowane gari a matsayin sha'anin mulki.

Abin lura kuma shi ne, ƙasashen da suka ƙirƙiro kayan yi-ka-yar sun fara juyowa. A 2009 aka buɗe wurin haɗuwar gyaran kaya na farko a Amsterdam, inda masu ilmin gyara suke taimaka wa maƙwabta kyauta, abin ya bazu ƙasashe da yawa. Faransa ta wajabta liƙa makin sauƙin gyara a jikin wasu kayan lantarki tun 2021, Tarayyar Turai kuma ta zartar da dokar haƙƙin gyara a 2024. A Amurka da Ingila, masu aikin katako suna farautar tsofaffin zartunan Disston, kamfanin da Henry Disston ya kafa a Filadelfiya a 1840, suna tayar da su, suna biyan gwanayen washi kuɗi mai kauri. Irin zarton da suke nema ruwa a jallo, shi ne yaron nan ya so ya ɗora a kan sikeli a tsakar gidan Kawu.

Abin da nake roƙo ba mai yawa ba ne. Ga magidanta: duk wanda ya gaji akwatin kayan aiki, ya dakata kafin ya kira ɗan gwangwan. In zarton yana da ƙotar katako da notinan tagulla, haƙoransa launinsu ɗaya da jikinsa, ya lanƙwasu ya koma daidai, kuma babu tsagewa, to yana da sauran aiki na shekaru. A goge shi, a shafa masa mai, a rataye shi nesa da laima, ko a ba wa kafintan da zai mora. Ga kafintoci: ba laifi a ajiye sabon zarto don filawud, a kuma riƙe tsoho don katakon gaske. Ga duk mai kai aiki wurin gwani: a biya shi ladan da zai sa ɗansa ya yi sha'awar zama kusa da shi.

Ga hukumomi kuwa, ƙofa a buɗe take. Hukumar kula da ilmin fasaha ta ƙasa, NBTE, tana da tsarin ba da shaidar ƙwarewa ga wanda ya koyi sana'a a wajen aji. Kwalejojin fasaha na jihar Kano da Kwalejin Ilmi ta Tarayya ta Fasaha da take Bichi za su iya gayyato irin waɗannan dattawa su koyar da washi da kula da kayan aiki, ko da yini ɗaya ne a mako, a biya su a matsayin malamai. Sassan nazarin Hausa su tura ɗalibai su tattara kalmomin masassaƙa da maƙera da kafintoci daga bakin masu su, da murya da hoto. Gidan Makama, inda aka adana tsofaffin ƙyauren ƙofofin ganuwa, zai ƙara daraja in aka ware kusurwa ga kayan aikin da suka gina birnin a ƙarnin da ya wuce, a kuma riƙa kawo masu sana'ar suna nuna wa 'yan makaranta yadda ake yi. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da yake bukatar kwangila ko rance daga waje.

Abin da yake bukata shi ne hanzari, domin mafi yawan waɗanda suka iya aikin sun manyanta, ido yana raguwa, hannu yana fara rawa. Wanda yake da irin wannan dattijo a unguwarsu, ya kai masa yaro ɗaya mai natsuwa a wannan hutun, ya saya musu magagari, ya ɗauki nauyin ladan koyarwar. Allah Ya jiƙan magabatanmu da suka ci halal da hannunsu, Ya sa albarka a sana'o'inmu.